Fim ɗin da Na Fassara wa Hajiya Talatu

Greenbelt, 6 ga Maris, 2011

Zuwa ga Yaya Sadiyya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya gida, yaya yara, yaya ƙafar Umma? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Ranar nan kuka ya hana ni yi miki bayani a waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Umma ta ce in na sake shiga motar mutumin nan ba ta yafe ba, in kuma ba zan iya zama da mutuncina ba in tattara in dawo Kano. Yaya, mutumin nan fa Davou ne, mijin maƙwabciyata Constance, 'yan Jos ɗin da suka tsaya mini lokacin rasuwar maigidana Zulkifilu kamar ciki ɗaya muka fito. Tuƙi yake koya mini. Aikin jinyar da na samu a garin Bowie na bin marasa lafiya gida-gida ne, sun ce ba lasisi ba aiki, kuma farkon Mayu zan fara. Shekara tara marigayi yana kai ni yana ɗauko ni, ban taɓa riƙe sitiyari ba.

Na san inda maganar ta fito. Hajiya Talatu ce, wata dattijuwa da ta zo wa 'yarta wankan jego, yau wata bakwai ba ta koma ba. Ba ta jin Turanci, ba ta fita, sai ta kafa kujera a bakin taga da farantin wake tana tsinta tana kallon wajen ajiye motoci. Ita ta hango ni ina dariya a gaban mota. Labari ya bi waya ya je wurin mutanenmu na garin Gaithersburg, ya tsallaka teku, kafin ya isa kunnen Umma har an ce muna kwana a waje.

Na dakatar da koyon, don ba zan tsallake maganar Umma ba. Amma raina a ɓace yake, kuma ina tsoron aikin nan ya kuɓuce mini. Ki taya ni da addu'a.

Ƙanwarki,
Mubina

Greenbelt, 28 ga Maris, 2011

Yaya Sadiyya,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Da fatan kowa lafiya. Ki gyara zama, yau da labari na zo.

Kin san matan nan namu muna haɗuwa Lahadin ƙarshen wata, a ci tuwo a kalli fim ɗin Indiya. Ni ce mai fassara wa iyaye, saboda ɗan Indiyancin da muka tsinta a bidiyon Kawu da kuma rubutun Turancin da ke fitowa a ƙasa. Jiya layi ya zo kaina. Tun ranar Laraba na je shagon wani Ba'indiye na ce ba na soyayya nake so ba, ya ba ni na maƙwabta masu sa ido. Ya yi dariya ya ce irinsu sun cika masa kanta guda, ashe su ma abin ya ishe su.

Wanda ya zaɓo mini labarin wata tela ce da mijinta ya mutu, tana zaune a gidan haya mai bene. Maƙwabta suka kafa kwamitin tsare tarbiyyar unguwa, aikinsu kawai ƙirga takalman da ke ƙofarta. Na yi niyyar ƙara gishiri a fassarar, amma Allah shaida ne ko kalma ɗaya ban ƙara ba, don babu buƙata.

Hajiya Talatu ta zauna a gaba, ta fi kowa shiga fim ɗin. Duk lokacin da tsohuwar da ke jagorantar kwamitin ta buɗe baki, sai Hajiya ta tafa hannu ta ce wannan tsohuwa Allah ya shirye ta, me baiwar Allah ta tsare mata? Matan da suka yi ta yawo da zancena sai sunkuyar da kai suke yi, Hajiya kuwa ko a jikinta. Ni kuwa ina ta fassara da murya mai kyau.

Can sai ga tsohuwar fim ta jawo kujera zuwa bakin taga, ta ɗora faranti a cinya ta fara tsintar wake. Yaya, sai idanu suka koma kan Hajiya. Constance ta ƙware da zoɓo. Hajiya ta dubi talabijin, ta dube ni, ta ce in tsayar. Na ce a raina yau za a yi ta. Sai ta juya ta tambayi Constance ko da saninta mijinta ke ɗaukata. Constance ta ce ita ta matsa masa ma, kuma ita ke sa mini matashi a kujera don ƙafata ba ta kai birki. Sai Hajiya ta ce a ci gaba.

Da aka gama ta tafi ko sallama babu. Ban san abin da zai biyo baya ba, amma na huce.

Taki,
Mubina

Greenbelt, 22 ga Afrilu, 2011

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Albishirinki! Jiya na ci jarrabawar tuƙi, karo ɗaya, ko mazugin roba ɗaya na alamar hanya ban ture ba. Constance ta rangaɗa guɗa a gaban Turawa, Davou ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

Na san Umma ba za ta ba ki labari ba, bari ki ji daga bakina. Kwana biyu bayan fim ɗin Hajiya Talatu ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da katin waya a hannu, ta ce in kira mata mahaifiyata. A gabana ta faɗa wa Umma cewa ita ce tushen maganar, dariya kawai ta gani, sauran duk ƙari ne, ta roƙi gafara. Ta ce ita ma tana da shekara talatin mijinta ya rasu, kuma ta san abin da bakin mutane ya yi mata. Wallahi sai da ta ba ni tausayi, na yafe mata nan take.

Da na karɓi wayar na ji Umma na jan hanci. Kin san ta, ba za ta ce ta yi kuskure ba. Cewa ta yi in gaida mata Davou da matarsa, Allah ya saka musu da alheri, kuma in na fara fita aiki kada in yi gudu. Washegari na koma koyon tuƙina.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Mubina