Tattasai a Kan Wayar Intanet

Jagoda,

Na tafi ƙauye wajen gwaggonki Ljubinka, yau take dafa tattasan da za ta ajiye don hunturu. Sai yamma.

Kina fita ɗan kamfanin tarho ya zo ya ja mana wayar intanet ta baranda, wai gwaji kyauta. Ko gahawarsa bai shanye ba sai ga na kamfanin talabijin da tsani a kafaɗa. Ya ce, "Baba, wannan zaren suka kawo maka? Tamu ta fi sauri, ta fi ƙarfi." Na tarho ya ce, "Ƙarya yake, Baba, tasu ko tsuntsu ya sauka a kai sai ta ɗauke." Shi ma dai ya ja tasa.

Ni ban san sauri ba, amma na san ƙarfi. Da suka tafi na ɗauko tattasan da muka jera a zare, na dinga rataya wa kowace waya, zare ɗaya nan zare ɗaya can. A na bakwai ta tarho ta tsinke. Ki yi haƙuri, ita ce haɗe da kwamfutarki.

Ban manta ba, ƙarfe huɗu za ki gana da masu ɗaukar aikin nan na Jamus ta intanet. Lambar ɗan talabijin na jikin firij, ki kira shi ya haɗa tasa, ya ce minti goma ya ishe shi.

Amma kar ya taɓa min tattasai. Na kwashe na kan ta tarho na mayar kan tasu, yanzu tana ɗauke da zare goma sha huɗu, kuma rana ta fi bugun wajen.

Babanki