Ɗana Yana Rawa da Hular da Kakansa Ya Ajiye Don Kabari

Goggo Dobrila, don Allah ki taimake ni. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na haifi yara na shiga ajin karatun manya.

Surukina, Baba Radisha, ya haura tamanin. Kamar sauran tsofaffin ƙauyenmu, ya daɗe da haɗa kayan da za a binne shi da su, suna cikin akwatin katako: farar rigar da marigayiya matarsa ta saƙa, ɗamarar ulu, takalman fata masu lanƙwasasshen baki, da hularsa ta gargajiya, shaikacha, da ya gada wajen mahaifinsa. Ni ce nake shanya su duk bazara saboda asu. Bana na buɗe, babu hula.

Ashe ɗana Strahinya ne ya ɗauka. Shekarunsa ashirin, yana rawarmu ta gargajiya, kolo, da wata ƙungiya a garin Chachak. Da na tsare shi sai ya yi dariya, wai hulunan ƙungiya kamar kwali suke, in ya sa su abokansa har suna ce masa mai kan tukunya, ta kaka ce kaɗai take zama masa daidai. Ya daɗe yana rawa da ita ban sani ba!

Maƙwabciyata Stanoika ta ce wanda ya sa kayan kabari, kabari ya san sunansa. Tun daga nan ko tari yaron ya yi sai gabana ya faɗi. Mijina kuwa cewa ya yi in rufe bakina, zuciyar tsoho ba ta da ƙarfi.

Ga shi bikin cocin ƙauye ya matso, Strahinya ne zai ja layin rawa, kuma Baba ya rantse ko a kujera sai an kai shi kallo. Idonsa ya yi rauni, amma hularsa ko daga nesa zai gane ta. In sayi sabuwa in saka a akwati a ɓoye? Ko in ƙwace ta, yaro ya daina yi mini magana?

Uwa daga gefen Chachak

Ƴar'uwata,

Rubutunki ya fita sarai. Tsoro biyu kika haɗa, bari mu raba su.

Na farko, ki kwantar da hankalinki. Hular nan ta yi shekaru a kan rayayyu, ta je gona, ta je kasuwa da biki. Ulu ne da zare. In maganar Stanoika ta ƙi barin ki, je ki ga limamin cocinku.

Na biyu shi ne matsalar gaske. Strahinya bai yi da mugunta ba, saurayin da yake alfahari da hular kakansa abin so ne. Amma ya ɗauka bai tambaya ba. Tsoho ya saki gona, ya saki gida, abin da ya rage a hannunsa shi ne yadda zai tafi. Saboda haka kada ki sauya masa hula a ɓoye. Mijinki yana da gaskiya da yake ji wa zuciyar mahaifinsa tsoro, sai dai gara Baba ya ji a ɗakinsa da ya gani a gaban mutanen gari.

Kafin biki, Strahinya ya shiga wajensa da kansa, lokacin gahawar safe, hula a hannu ba a kai ba. Ya sumbaci hannunsa, ya faɗi abin da ya yi, ya roƙi aro. Ke ki tsaya a madafa. In Baba ya ce a'a, hula ta koma akwati, yaro ya yi rawa da ta kwali, ba zai mutu ba. In ya bar masa, ku kira tela ya auna kan tsoho, shi ya zaɓi ulun sabuwa da hannunsa.

Ko wanne ya zaɓa, kada kowa ya yi masa gardama. Hularsa ce, tafiyarsa ce.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa ku yi biki cikin farin ciki.

Goggo Dobrila