Mashin Ɗin Da Ya Tare Wa Makara Hanya

Assalamu alaikum Baba Tanko. Don girman Allah ka taimake ni da shawara, kada ka bari takardar nan ta kwana a ƙasan tebur, domin kaina ya ɗau zafi. Ban taɓa zaton zan rubuto wa jarida a kan mashin ba, ni da ko keke ban iya ba, amma ga shi mashin yana neman ya fitar da uwar mijina daga ɗakin da aka kawo ta tana amarya.

A Mandawari muke, can cikin lungu, irin lungun da in mai kurar ruwa ya shigo sai kowa ya manne da bango. Maigidana hula yake sayarwa a Kurmi. Gadon gidansu ne, don kakansa daga Borno ya zo da sana'ar, har yanzu kuma danginsu na can ne ke ɗinka masa. Tun da sojoji suka koma bariki kasuwarsa ta buɗe. Kansila hula, ɗan majalisa hula, har mai riƙe wa ɗan majalisa jaka sai ya kafa ta kece raini. Alhamdu lillahi, ba wannan ne kukana ba.

Da can mashin ɗinsa ɗaya ne, irin mai ƙasa-ƙasan nan mai faɗin ƙaho, wanda in ka zauna ƙafafunka duka biyu suna ƙasa. Ba shi da nauyi, ko ni ina iya gusar da shi in zan share zaure. Da shi yake kai Inna, wato mahaifiyarsa, asibiti saboda ciwon gwiwa, da shi yake kai ta gaisuwa da barka. Takan zauna a gefe ɗaya da mayafinta ta riƙe kafaɗarsa, ba ta taɓa tsoro ba. Laifin ƙaramin nan ɗaya ne, kuma gaskiya zan faɗa, ba ya son doguwar hanya. Da ya gwada zuwa Borno da shi, ya dawo bayansa a ƙage, ya ce in tirela ta wuce sai iskarta ta nemi jefa shi daji, tankin kuma ɗan mitsitsi, kullum yana hannun 'yan bumburutu. Hulunan da ya ɗauro a buhu duk suka lotse, sai da muka sake wanke su aka ɗora a kan gungume.

To sai wani abokinsa, Ɗanbaba, Allah Ya shirye shi, ya dawo daga Kwatano da wani abu wai shi ma mashin. Baba Tanko, ni dai ban taɓa ganin irinsa ba. Yana da gilashi a gaba, da akwatuna dama da hagu, da wani a baya, har da rediyo. Ranar da aka kawo shi mutanen unguwa suka raɗa masa Giwa, sunan kuwa ya bi shi. Maigidana ya saye ta, tun daga ranar bai sake maganar komai ba sai tata. Giwa ba ta jin iska, Giwa in ta sha mai a Kano sai ta wuce Potiskum ba ta waiwayi gidan mai ba, hula tana shiga akwati ta fito kamar yanzu aka sauke ta daga gungume. Tuwo ma sai ya huce yana ba ni labarin Giwa. Ban musa ba, da ya je Borno a kanta ya dawo garau, har da fara'a.

Amma Borno wata-wata yake zuwa, lungunmu kuwa kullum a cikinsa muke. Maigidana ba dogo ba ne, kada dai in ce gajere, in ya hau sai ya yi ɗage da kan yatsu. Ba ta juyawa a lungu, sai dai a ja ta da baya, kuma mutum ɗaya ba ya iyawa. Maƙwabta da farko da dariya suke kamawa, daga baya in sun ji yana kwance sarƙar da yake ɗaure ta da ita kowa sai ya tuna yana da uzuri. Ta taɓa kwanciya da shi a bakin kwata, yana ƙasa tana sama, sai da aka kira masu faskare. Inna ta gwada hawa, gwiwa ta ƙi, akwatin gefe kuma ya hana ta zaman da ta saba, ta ce a bar ta da ƙaraminta. Uwa uba, ƙofar zaurenmu ba ta ɗaukarta. Saboda haka a waje take kwana, ɗaure da sarƙa a jikin falwaya, ta cinye fiye da rabin hanya. Na yi magana har na gaji, ya ce mata ba su san mashin ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Iya Asibi, maƙwabciyarmu ta ƙarshen lungu, aminiyar Inna ce tun suna amare. Ta rasu da hantsi. Maigidana ya riga ya tafi kasuwa a kan ƙaramin, makullin sarƙa yana aljihunsa. Aka aika Kurmi, aka ce ya bi wani ɗan majalisa da samfurin huluna, ba a san inda suka nufa ba. Aka gama wanka, aka yi sutura, liman yana jira a bakin titi, makara ta zo daidai ƙofarmu ta tsaya. Lungun kuwa ba shi da wata mafita. Aka nemi zarto ba a samu mai cin sarƙar ba. Daga ƙarshe sai ɗaga makarar aka yi sama da kawuna, aka karkata ta, ana salati ana a yi a hankali. Madubin Giwa ya kama mayafin da aka rufa, ya janye shi, likkafani ya fito fili. Inna tana tsaye a bayan ƙyauren zaure don ta yi wa aminiyarta kallon ƙarshe, duk a kan idonta aka yi. Ni ma na gani, kuma wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da ya dawo ya ji labari ya yi salati, ya je gaisuwa ya zauna cikin mutane kamar kowa, bai ce uffan a kan abin da ya faru ba. Na san kunya ce ta ɗaure masa baki, amma 'ya'yan marigayiya ba su san haka ba, yanzu daga nesa suke ɗaga masa hannu. Maganin da ya samo kuma shi ne ya fi ba ni haushi. Wai zai sayar da ƙaramin, tunda mashin biyu ɓarna ce, ya fasa ƙofar zaure ya faɗaɗa, Giwa ta riƙa kwana a ciki. Zauren ƙasa ne fa, ginin kakansa, a nan ake ɗaurin aure, a nan ake zaman makoki. Har ya kawo magini ya auna.

Inna ba ta yi masa faɗa ba, da ma ba ta iya faɗa ba. Sai ta kira ni ɗakinta, ta buɗe adaka ta ɗauko ƙullin likkafaninta, wanda ta sayo a Makka ta wanke da zamzam. Ta ce in kai gidan 'yarta Ummulkhairi a Ƙofar Dawanau, don can layinsu mota ma tana shiga. Ta ce ita ma bayan Salla za ta bi shi, ba ta son a karkata ta a gaban maza. Ta kuma roƙe ni kada in gaya wa ɗanta dalili, kada ya ga kamar ta tsone masa ido a kan abin da yake so. Na yi mata alkawari, na kai, ina tafe ina kuka. Shi kuwa har yanzu ya ɗauka hutu za ta je, har yana cewa zai saya mata tsaraba.

Baba Tanko, matar nan ita ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, ita ta yi mini wankan jego duk haihuwata. In ta fita gidan nan ya zama kango. Kullum ni da shi faɗan mashin muke, ni ina cewa ƙarami yana cewa babba, har yara sun haddace. Kai da ka san kan abin, wanne ya kamata ya riƙe? Kuma yaya zan yi da alkawarin da na ɗauka?

Taka,
Matar Mai Giwa, Mandawari.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan Iya Asibi, Ya sa ta huta. Na karanta takardarki na yi dariya a farko, da na kai tsakiya dariyar ta ɗauke.

Bari in fara da wanke mijinki ta inda ya cancanta. Na yi zamani a kan mashin, har yanzu ƙuguna yana tuna mini. Duk abin da ya faɗa a kan babban gaskiya ne. An ƙera shi don doguwar kwalta, nauyin da kike kuka da shi shi ne yake riƙe shi in tirela ta gifta, gilashin yana tare wa ƙirji iska, akwatunan suna tsare masa haja. Mutumin da ke ratsa hanyar Borno a kan ƙaramin mashin da buhu a baya kasada yake da ransa, kuma ba na jin kina son haka. Saboda haka ki daina ce masa ya yi wauta, bai yi ba, shi ya sa ma ba ya jin maganarki.

Wautar ita ce kawo shi cikin birni. Waɗanda suka yanka lungunan Mandawari jaki da mutum suka auna, da kuma makara. Ƙaramin shi ne na nan. Ƙafa tana kai ƙasa, yana juyawa, yana shiga zaure, tsohuwa mai ciwon gwiwa tana hawa. Kowanne da aikinsa, ku kuma kun zauna kuna gardamar wanda ya fi. In da hali ya riƙe duka biyun, amma babban ya koma kwana wajen ganuwa, ko garejin wani amintacce ko gidan Ɗanbaban da ya jawo shi, ai shi ma ya ɗanɗana. Ranar tafiya ya je a ƙarami ya sauya. In kuwa lalle sai ɗaya, to ƙaramin za a bari. Hula tana iya zuwa a kwali cikin motar haya, uwa ba a aiko ta a kwali. Zaure kuma a sallami magini. Ko an fasa ƙofar, kullum sai an tare lungu kafin a cusa ta, ranar da aka yi rasuwa a gidanku kuma a ina mutane za su zauna?

Sannan ya ɗauki liman ko mai unguwa ya koma gidan marigayiya, ya buɗe baki ya ba 'ya'yanta haƙuri. Zaman gaisuwa daban, ban haƙuri daban. Su ba su ga kunyar da ke cikinsa ba, sarƙar da ke jikin falwaya suke gani kullum in za su wuce. Ya cire ta kafin ya je.

Yanzu ke. Kin bar maganar da za ta motsa shi kin kama wadda ya fi ki sani. In dai gardamar tanki da taya ce, har ku tsufa shi zai yi nasara. Mijinki bai san an fitar da likkafanin uwarsa daga gidan ubansa ba, kuma ban ga ɗan da zai ji wannan ya ci gaba da awon ƙofa ba. Amana kuwa ban ce ki ci ba. Ki koma wajen Inna cikin ladabi ki nemi ta sake ki daga alkawarin, ki nuna mata cewa in ta tafi ya gano dalili daga baya, ciwon da take gudar masa ya fi haka zafi. In ta ƙi, akwai Ummulkhairi. Ƙullin yana ɗakinta, ita ba ta ɗauki alkawarin kowa ba, kuma ciki ɗaya suka fito da shi. Ta kira shi ta nuna masa, ba sai ta yi dogon bayani ba. Kada ki jira Salla.

In ya ji, kada ki ce da ma na faɗa, na san bakinki zai yi ƙaiƙayi, ki danne. Ki dai ba shi shawara ɗaya. Kada a aiki kowa karɓo ƙullin. Shi da kansa zai fito da ƙaramin, ya goya Inna ta zauna a gefe yadda ta saba, su je Ƙofar Dawanau su dawo da shi tare, su shigo ta lungun da babu komai a cikinsa, ta gani da idonta cewa hanya a buɗe take. Ta mayar da abinta cikin adaka ta rufe.

Allah Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya sa adakar nan ta daɗe ba a buɗe ta ba. Allah Ya kai maigida Borno lafiya Ya dawo da shi lafiya, ke kuma Ya saka miki da surukar da za ta yi miki kuka irin wanda kika yi.

Baba Tanko.