Facin da Ke Aljihun Rigar Likita

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga gare ni da duk mutanen gida, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara rufin asiri, ya yaye miki ciwon bayan da kika ce yana damunki. Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har tana takawa bakin titi. Kawu Direba ya ajiye tuƙi tunda ido ya fara yi masa gardama, yanzu sai zaman ƙofar gida yana koya wa masu wucewa tuƙi da baki.

Na zaɓi takarda ne saboda akwai maganar da ba na so layin waya ya yanke mini ita a tsakiya. Kin san gidan tsohon likita, inda Mama ta yi shekara goma sha huɗu tana wanki da guga bayan rasuwar Baba. To, an mayar da shi gidan tarihi, ana zagayawa da mutane ɗaki-ɗaki ana yi musu bayani. Kin kuma san dokar da Mama ta kafa mana tun muna ƙanana, cewa duk wanda ya tambayi sana'arta mu ce 'yar kasuwa ce. Dangin mijina haka suka sani har makon jiya. Sai ga yayar mijina, wadda muke kira Shugaba saboda makarantar da ta riƙe, ta shirya mana zuwa gidan ranar Asabar, ta ce dole a tafi da Mama ta sha iska. Na kawo zancen gwiwa, na kawo zancen zafin rana, Mama ta ce in bari, ai ƙin zuwan shi zai jawo tambaya.

Jagoranmu wani dattijo ne mai ɗan sandan nuni, bayani a bakinsa kamar rediyo, ba ya ko tsayawa haɗiye yawu. Ya nuna mana falo da agogon bango da ya daɗe da tsayawa, da ɗakin duba marasa lafiya mai gadon ƙarfe da kwalaben magani jere a kan kanta, an tare komai da jar igiya. Shugaba na gaba tana gyaɗa kai tana ƙara masa gishiri, kin dai san ta da son a san ta sani. Mama na can baya. Da muka zo hawa bene sai na ga ta tsallake matakala ta huɗu, duk da gwiwar nan tata. Kowa ya taka wurin sai katakon ya yi ƙara, ita kaɗai ta wuce ba motsi. Na waiga in ga ko an lura, ba wanda ya lura.

A ɗakin baya aka yi ta. Duwatsun guga na gawayi ne guda huɗu a kan tebur, da wani ɗan siriri a gefe. Jagora ya nuna siririn ya ce abin wasan 'yar likita ne. Na ji Mama ta ja tsaki ƙasa-ƙasa, na matsa kusa da ita. Daga nan ya kai mu gaban farar rigar aikin likita, tana rataye cikin akwatin gilashi, ya ce a jirgin ruwa ake aika ta ƙasar waje a wanko, domin a lokacin babu mai hannun da zai iya fitar da ita haka a nan. Shugaba ta ce ai dama, mutanenmu ina suka iya aiki mai tsafta. Yaya, ba zan ɓoye miki ba, mayafin Mama na kama ina ja, ina roƙonta da ido ta yi shiru. Har yanzu in na tuna kunya ce ke rufe ni.

Ta zare mayafinta daga hannuna a hankali. Ta ce wa jagoran ya yi haƙuri, amma rigar nan ba ta taɓa hawa jirgi ba, a bakin rijiyar bayan gida ake wanke ta, kuma ga hannun da ya wanke ta, sai ta ɗaga hannunta na dama. Jagora ya yi irin murmushin da ake yi wa tsohuwar da ta ruɗe, shi kuwa ya ƙara tunzura ta. Ta ce siririn dutsen na bin tsakanin maɓallai ne da ƙasan kwala. Ta ce likita ba ya son kari a hannun riga, sai ta naɗe tawul ta cusa a ciki kafin ta goge. Sannan ta ce in suna shakka su juya aljihun hagu. Wata rana garwashi ya faɗo ya ƙone shi, ga tsoron kora ga marayu biyu a gida, sai ta yanko ƙyalle daga cikin kalmasar rigar ta yi faci kafin likita ya dawo daga duba marasa lafiya. Har ya koma ga Allah bai sani ba.

Aka kirawo shugabar gidan tarihin, ta zo da makulli da farar safar hannu, ta buɗe gilashin ta juya aljihun. Gani ya kori ji! Ga faci nan bai fi faɗin babban yatsa ba, ɗinkin ƙanana sai an ƙura ido. Matar ta ce shekararsu takwas da rigar nan, ba wanda ya taɓa ganinsa. Jagora, Allah ya saka masa, bai yi girman kai ba, ya maƙale sandansa a hammata ya roƙi Mama ta wuce gaba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ita ta ƙarasa zagayawa da mu, tana nuna inda ake shanya da inda ake dama sitaci, mutum ashirin na bin ta a baya suna tambaya, shugabar gidan na rubutawa. Sun ce za a sa sunanta a kati kusa da rigar. Wallahi ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba, ina kuka ina dariya.

Saura Shugaba, yayar mijina. A bakin ƙofa ta juyo ta tambaye ni ina zancen kasuwa. Kafin in buɗe baki Mama ta ce umarninta ne, tsoro take yi kada a raina mata 'ya'ya. Shugaba ta kama hannun Mama ta juya shi, ta daɗe tana kallon tabon ƙunan da ke wuyan hannun. Ta ce ita ce ta yi ɓarin baki, a yafe mata, kuma hannun da ya kai mata biyu makaranta ya fi ƙarfin raini. Sai ta karɓi jakar Mama ta riƙe har mota, matar da ko tata jakar ba ta ɗauka.

Da muka dawo ina shafa mata man zafi a gwiwa, Mama ta ce in rubuta miki cewa doka ta tashi. Ta ce ki tara jikokinta ki faɗa musu ainihin sana'ar kakarsu, kada ki rage komai, har ƙunan aljihun.

Ki gaishe mini da maigidanki da surukarki, da ɗanki Babban Yaya da 'yan biyunki masu ƙiriniya. Mama da Kawu Direba da Gwaggo Ƙarama da maigidana duk suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Auta, 'yar mai wanki da guga.