Gurbi Talatin a Bayan Rumbu

Gidan Tudu, ta Makoda
15 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga 'yata Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Khalilu da yara. Yaya zafin birni, yaya gajiyar Sallah? Mu nan sai godiyar Allah.

Na rubuto miki ne maimakon in kira ki, domin a waya "to Inna, to Inna" kawai kike cewa, hankalinki yana kan tukunya. Takarda kuwa dole ki zauna ki karanta. Muhammadu Sani direba zai kawo miki ita, tare da kuka da daddawa.

Na ji ƙorafin da kika yi ranar Sallah, wai yara sun wuni suna kuka don ba a kai su wurin lilo ba, kuɗin mota ya fi ƙarfinku. Zulai, ban ji daɗi ba. Wanda ya yi azumin bana da abin buɗa baki, ya yi Sallah da tuwo da miya, ba shi da bakin ƙorafi. Ki sa su tilawa. Ki koya wa babbar tsintar wake. Yaron da ya saba sai an biya kuɗi kafin ya yi dariya, wahala yake tara wa kansa.

Kin san matsayina a kan wasa. Zogalen da ke ƙofar gidanmu shaida ne. Kina firamare lokacin da Babanku da abokansa suke dara a wurin, tun daga hantsi, har ranar da awaki suka cinye waken da ya shanya yana zaune taku goma daga wurin, kuma aka yi La'asar a masallaci babu shi. Washegari da asuba na cike gurabun nan da ƙasa, na dasa zogale. Abokan suka koma gindin tsamiyar Dabo, ɗaya daga cikinsu. Shi kuwa bai ƙara taɓa dara ba, shekara goma sha huɗu ke nan. Ban taɓa yin nadama ba, kuma miyar zogale kun sha.

Kin tambaye ni Babanku a waya na ce lafiya, saboda yana kusa da ni. Ga gaskiyar. Tun da man fetur ya tashi, kai wake kasuwar Dawanau ya daina fitar da shi, har jarin ya karye kafin azumi. Yanzu daga masallaci sai zaure. Ba ya zuwa majalisa, wai mutumin da ya saba raba goro ba zai je ya zauna a ba shi ba. Tuwo loma uku yake ci ya ture. An duba shi a asibiti, sun ce ba su ga ciwo ba. Maƙwabta sun gama kai taki gona, sun yi shara, namu takin yana nan jibge a bayan turke. In na yi masa magana sai ya ce in sha Allahu gobe. Na yi masa nasiha har na gaji da jin muryata.

Idan ruwa ya sauka bai tashi ba, gonarmu za ta kwana bana. Gonar ma da sauƙi. Mutumin da ya bari damina ta wuce shi yana zaune, ina tsoron ba zai ƙara tashi ba. Ki sa shi a addu'a, kada kuma ki nuna masa na gaya miki.

Ki gaida Khalilu da yara.

Mahaifiyarki,
Safara'u

Gidan Tudu
3 ga Mayu, 2024

'Yata Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku baki ɗaya. Yaya jikin ƙaramin, tarin ya sake shi? Ki daina ba shi ruwan sanyi.

Amsarki ta iso. Na ga inda kika rubuta wai in bar Babanku ya koma dara wurin abokansa. Ba a gaya wa uwa abin da za ta bari a gidanta, ki kiyaye wannan. Ban da haka ma ba ni na ɗaure shi ba. Dabo ya zo har sau biyu yana kiransa, ya ce a ce masa yana barci.

To amma akwai abin da zan faɗa miki, kuma ya tsaya tsakaninmu. Ranar Talata na kai masa kunu zaure, na tarar yana dangwala yatsa a ƙasa, layi-layi, yana matsar da 'yan tsakuwa daga nan zuwa can. Bai san yana yi ba. Da ya gan ni sai ya share da tafin hannu kamar yaron da aka kama da sata. Dattijo mai furfura, a gidansa. Wannan sharewar ta tsaya mini a rai kwana biyu.

Abin da babu wanda ya sani a gidan nan shi ne na iya dara. Kakanku marigayi Malam Tasi'u bai sami ɗa namiji ba, kuma ƙafa ta hana shi fita a ƙarshen rayuwarsa. Duk hutun da na dawo daga sakandare, ni yake zaunarwa a tsakar gida mu buga, Kakarku tana faɗa wai za a lalata 'ya mace. Kafin in gama aji biyar sai ya yi da gaske yake cinye ni. Da na yi aure na rufe wannan babin, don ba abin alfahari ba ne.

Ranar Alhamis bayan La'asar na ɗauki tsohon cokali na zagaya bayan rumbu, inda inuwa take faɗawa. Na haƙa gurbi talatin, layi biyar, shida-shida. Na kakkarya kara goma sha biyu, na ƙirgo 'ya'yan tsamiya goma sha biyu daga na kunun azumi. Sai na kira shi ya zo ya duba mini gara a gindin rumbu. Ya zo, ya ga gurabu, ya dube ni, ya sake duban gurabu. Ya tambaya wa ya haƙa. Na ce ya zauna kawai, magani ne, ba wasa ba.

Nan na yi kuskure, kuma ina rubuta shi ne don ki ɗauki darasi. Hannunsa ya yi tsatsa. Kin san wanda ya jera uku shi ke ɗauke ɗa ɗaya na abokin wasa. Sau huɗu ina ganin hanyar jerawa ina kau da kai, ina tura tsamiyata inda zai cinye. Ina cewa a raina nasara za ta faranta masa. Da ya ɗauke na ƙarshe bai yi murmushi ba. Ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Safara'u, har ke ma sadaka kike ba ni?" Ya koma zaure. Ranar ko loma ukun bai ci ba.

Ni da nake dukanku a kan ƙarya, ga shi na yi ta da hannu. Na yi istigfari. Gurabun suna nan, kaji suna tona su. Ban san ko zai sake zama ba.

Ki gaida maigidanki. Ki ƙona takardar nan in kin gama.

Mahaifiyarki,
Safara'u

Gidan Tudu
21 ga Mayu, 2024

'Yata Zulaihatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke. Sabulun ya iso, Allah ya yi albarka, amma kada ki ƙara takura wa kanki.

Kin ce kin yi dariya har da hawaye. Ban ga abin dariya ba. Kin kuma ce ba ki ƙona takardar ba. Za mu yi wannan maganar in kin zo.

Kwana biyar bai leƙa bayan rumbu ba. A na shida na same shi na ba shi haƙuri, na faɗa masa gaskiya cewa da gangan na bar masa, kuma in ya sake zama ba zan tausaya masa ba ko na ɗa ɗaya. Ya ce mace ce za ta tausaya masa a dara, shi da aka sani tun daga nan har Watari? Na ce shekara goma sha huɗu da suka wuce aka san shi. Ya tashi da kansa ya riga ni zuwa.

Zulai, sau uku a jere na cinye shi. A na farko ya ce gurabun a karkace suke. A na biyu ya ce 'ya'yan tsamiya sun fi kara daɗin gani a ƙasa, muka yi musanya, na sake cinye shi da karan. A na uku na toshe masa duk wata hanya, ya zauna yana jan gemu, na tambaye shi ko in kawo masa matashi tunda kwana zai yi. Ya ce ashe da maciji yake zaune shekara talatin da biyu bai sani ba. Ana kiran Magariba na tattara 'ya'yana na tashi, yana cewa saura ɗaya, na ce ko rabi. Ya dawo daga masallaci yana mita, ya cinye tuwonsa tas, har ya tambaya ko akwai ƙanzo.

Tun daga ranar kullum muna zama, amma da doka. Sai bayan La'asar, sai an ba dabbobi ruwa, kuma ladan yana ɗaga murya an gama. Ba a sa ko ƙwayar gyaɗa a kai, don abin da aka sa wa kaya ya zama caca. Na ƙara da cewa ranar da ba a kai taki gona ba, hannuna yana ciwo. Takin ya ƙare a kwana huɗu.

Asirin bai daɗe ba. Barira maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya ta same mu tsugune, ni ina cewa Malam matsa mana, rana tana faɗuwa. Ta riƙe baki ta ce, "Inna Safara'u, ke ce ko aljana?" Na ce ta ɗauki rariyar ta rufe mana ƙofa. Yanzu kullum da abin da take zuwa aro, sai ta zauna a kan turmi tana kallo tana ɓarar gyaɗa, tana zuga Babanku. In ya yi kuskure ta ce ai dabara ce, in na ci ta ce sa'a ce. Jiya har da 'yan matanta biyu, suka share gefe suna carafke da tsakuwa. Na yi niyyar korarsu, sai na ga ƙaramar tana riƙe dutsen ba daidai ba, na gyara mata. Sisi bai fita daga gidan nan ba, amma rabon da a yi dariya haka tun bikinki.

Ga babban labarin. Shekaranjiya da hantsi ya sa hula ya fita, bai dawo ba sai Azahar. Barira ce ta gaya mini an gan shi a gindin tsamiyar Dabo, ba goro ba komai, ya ce su matsa masa. Wai ya ce musu yana so ya wasa hannu ne saboda wani baƙo da yake damunsa. Dabo yana ta tambayar wane gari baƙon yake. Ni dai na tuna masa Azahar kawai, ya ce a sahun farko ya yi ta.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ki ci gaba da addu'a.

Mahaifiyarki,
Safara'u

Gidan Tudu
8 ga Yuni, 2024

'Yata Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan alheri, ke da Khalilu da jikokina. Yaya ruwa a wajenku, ɗakin bai yi yoyo ba?

Ranar Laraba aka yi mana ruwan shuka, mai yawa. Da gari ya waye na zagaya bayan rumbu, na tarar ruwa ya shafe gurabun, ko alamarsu babu. Na nufi zaure in ga ko yana nan zaune. Tabarmar ce kawai. Sungumi ba ya rataye a inda yake, ƙwaryar iri ma babu.

Da hantsi na kai fura gona. Tun daga nesa na hango shi a gaba yana sara, Dabo da 'ya'yansa suna biye suna zuba gero suna rufewa da ƙafa. A wurin dara suka shirya, ranar a tamu, washegari a ta Dabo. Na tsaya a gindin kuka na daɗe ina kallon layin ramukan nan har ƙarshen gona. Na yi hamdala. Da na matso na ce masa layinsa na uku ya karkace, don kada ya ga fuskata.

Da yamma ya dawo da taɓo har gwiwa. Na ce ya huta. Ya ce in miƙo masa cokalin nan. Shi ya haƙa sababbin gurabu da hannunsa, yana aunawa da ɗan yatsa, wai yanzu za a ga gaskiya. Na ci na farko. Na ci na biyu. A na uku ya ɗana mini wani tarko da ya koyo a gindin tsamiya, ban gan shi ba sai da na faɗa. Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina, ko ɗa ɗaya ban bar masa ba. Ya ɗauke tsamiyata ta ƙarshe, ya ɗaga ta sama yana nuna wa Barira, yana tambaya ko wannan ma sadaka ce. Na ce a'a Malam, wannan guminka ne. Ban taɓa jin daɗin a cinye ni kamar ranar ba, amma ban gaya masa ba, kada ya yi girman kai.

Kada ki ɗauka na canza ra'ayi. Wasan da ya hana salla ko ya bar awaki a kan wake, gobe ma zan dasa masa zogale. Sai dai maganar da na yi miki a kan yara ranar Sallah, na yi tsanani. Tilawa tana nan, tsintar wake tana nan, amma in sun gama ki zauna da su a ƙasa. Tsakuwa ba a saye.

Babbar Sallah ta matso. In kun sami na mota ku taho, ba sai da sabon ɗinki ba, ba sai da tsaraba ba. Babanku ya yanke kara zai yi wa ƙaramin mota. Babbar kuma ni zan zaunar da ita a bayan rumbu, kamar yadda Kakanku ya zaunar da ni. Ki gaya mata tun yanzu ba na bar wa kowa.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Safara'u