Kwalekwalen Baba Ya Hau Ruwa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya baƙunta? Ina Rabi da yara? Mu a Parakou lafiya lau.

Albishirinka! Baba ya daina zaman shirun da ya shiga tun rasuwar Inna. Falankin katako ya sayo, wanda ake ce wa kwantirfilake a nan, ya ƙera kwalekwale a tsakar gida. Kawu Isa da ya zo daga Djougou ya ce, "Alhaji, wannan ai akwati ne!"

Ran Lahadi muka kai shi kogin Okpara, gabana na faɗuwa. Baba ya tuƙa har tsakiya, ya ɗaga murya, "Isa, zo ka shiga akwati!" Yaya, rabon da in ji dariyarsa har na manta.

A sa mu a addu'a. Gai da mutanen gida.

Ƙanwarka,
Hadiza