Katakon Taya

Asabar, 3 ga Mayu

'Yata Ummi, mai sunan tsohuwata, ta gama jirgin da take haɗawa. Farin soso na kwalin firij, tsinken tsire, da wani ɗan inji kamar goro. Na ce mata duk shekarun da na yi a sojan sama ban taɓa ganin jirgin da kaza za ta iya cinyewa ba. Ta yi dariya, ta kunna shi a tsakar gida. Ya yi zuuu, na miƙe zumbur. Na ce waken safe ne, na ɗauki buta.

Talata, 6 ga Mayu

Matata Uwani ce ta fasa ƙwan. Tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba: "Malam, 'yarka fa an kira ta tantancewa Kaduna. Tuƙin jirgin soja take so. Ta ce ba za ta shiga mota ba sai ka sa albarka."

Na ce to, ni ma gwamna nake so in zama. Ba wanda ya yi dariya. Ni da boko muka rabu a aji biyar ba baram-baram, amma ga shi na haifi mai son hawa gajimare.

Laraba, 7 ga Mayu

A shagona na gyara na ɗaura wa fankar mutane fukafukai a juye. Mai ita ya ce, "Kofur, lafiya?" Na ce sabon yayi ne.

Juma'a, 9 ga Mayu

Ashe jirgin ba shi da taya. Sai wani ya riƙe shi ya ruga ya wurga, Ummi tana riƙe da rimot. Ta ce, "Baba, hannunka nake so." Na ce kafaɗa ke ciwo.

Ta san labarin rabi-rabi. Ni ban taɓa tuƙa ko lilo ba. Aikina, in matuƙi ya shiga ya tayar, in duƙa in janye katakon da ke tare taya, in ɗaga masa babban yatsa, ya tafi. Oga Kyari ne matuƙina, can wajen yaƙin ƙasar waje. Babarbare mai tsokana, kullum sai ya ce, "Ilu, riƙe min katakona, kar ka dafa shayi da shi." Ranar da jirginsa bai dawo ba ma haka ya ce. Na tsaya da katako a hannu har aka kira magariba. Aka zo aka ce in shiga ciki.

Katakon ne ke tare ƙofar zaurenmu yanzu, don kar iska ta wangale ta. Yara sun ɗauka guntun turmi ne.

Hannun nan ba zai ƙara sakin wani abu sama ba. Na faɗa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Uwani ta ce ita za ta wurga. Suka hau soro. Wurgin mai jifan kaza ta yi, jirgi ya tsallake katanga ya faɗa kwanon wanke-wanken gidan Malam Garba maƙwabci. Ya kawo shi da kansa: "Kofur, jirginku ya shigo mana gida ba sallama." Fiffike ɗaya ya karye.

Na yi hamdala a zuci. Allah ka yafe min.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ummi ta liƙe fiffiken. Ba ta roƙe ni ba, ba ta yi fushi ba. Ta kawo min tuwo ta durƙusa, ta ce, "Baba, in ka ce a'a, na zauna. Ba zan ƙara tayar da maganar ba." Kuma na san za ta zauna ɗin, halin mai sunanta ne. Za ta zauna ta yi ta kallon sama in jirgin alhazai ya wuce, har ta tsufa.

Wannan ya fi ba ni tsoro. Tuwon bai shiga ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Filin Idi na Ƙofar Mata, da sassafe. Rakiya kawai na yi, kar 'yan ƙwallo su dami Ummi. Ta ajiye jirgin a hannuna wai za ta gyara mayafi. Ba nauyi, kamar fanke. Sai ta kunna. Na ƙanƙame shi. Ta ce, "Baba, ka fuskanci iska." Ni take koya wa iska!

Na ruga da tumbina, na saki, na rufe ido. Ina ta La'ilaha illa anta. Na ji ƙarar ta yi nisa, ta yi nisa, ta ɓace. Wallahi magaribar nan ce ta dawo.

Sai ƙarar ta juyo.

Ya sauka da ciki kusa da takalmina. Na zauna a ƙasa. Na ce mata tsakuwa nake cirewa.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ummi ta tafi Kaduna. Ban yi wani jawabi ba, na ce Allah ya yi albarka, a gaggauce kamar mai tari. Akwatinta ya ƙi wucewa ta ƙofar zaure, dole wani ya duƙa ya janye katakon. Ni ne na fi kusa, shi ke nan.

Uwani ta ce ta ga na ɗaga yatsa da adaidaita ta tashi. Ƙaiƙayi yake min.

Ban mayar da katakon ba tukuna. Yana nan gefen tabarmata, ina riƙe wa Ummi. Iska na ta buga ƙofa.